Kafin a zaɓi rumbun bayanai, a gwada shi da ƙ, ɗ da ɓ

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili don jan hankalin matasanmu masu rubuta manhaja, domin da yawansu rumbun bayanan da ake yayi suke ɗauka tun kafin su auna nauyin aikin.

A fara da tambaya ɗaya: mutum nawa ne za su riƙa shigar da bayani a lokaci guda? Idan manhajar kanti ce ko ta kemis a kan kwamfuta ɗaya, ko ta wayar Android, ƙaramin rumbun bayanai mai suna SQLite ya wadatar. SQLite fayil ɗaya ce tak, ba ta buƙatar uwar garke (wato server, manhajar da sauran manhajoji ke haɗuwa da ita don samun bayanai), kuma ko an ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, takan koma yadda take kafin a fara. Sai dai hannu ɗaya kaɗai ke rubutu a cikinta a lokaci guda. Inda ake tafka kuskure shi ne a ajiye fayil ɗin a kwamfuta ɗaya, a ce kwamfutoci biyar na ofis su riƙa buɗe shi ta netwok. Kullen fayil, wato hana mutum biyu rubutu a cikinsa a lokaci guda, ba abin dogaro ba ne ta netwok, ƙarshenta ko manhaja ta riƙa cijewa ko bayanan su lalace. Da an kai nan, a koma PostgreSQL ko MySQL, rumbunan da ke da uwar garke, masu karɓar mutane da yawa a lokaci guda.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya kuwa shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. MySQL 5.7 da waɗanda suka gabace shi suna zuwa ne da tsarin ajiye haruffa mai suna latin1, wanda babu ƙ, ɗ, ɓ da ƴ a cikinsa. A shigar da "Ɗanlami", ko dai rumbun ya ƙi karɓa, ko ya ajiye "?anlami". Da zarar alamar tambaya ta zauna, harafin ya tafi ke nan, sai an sake bugawa da hannu. Maganin shi ne a saita utf8mb4, tsarin ajiye haruffa mai ɗauke da haruffan namu, a wuri uku: rumbun kansa, kowane tebur, da kuma hanyar da manhaja ke haɗuwa da shi. Na ukun nan ake yawan mantawa. Sai a MySQL 8.0, da ya fito a 2018, utf8mb4 ya zama tsarin asali. Kafin a zuba sunan ɗalibi ko majinyaci ko ɗaya, a shigar da "Ƙofar Mata", a karanto a gani.

Kuɗi kuma a ajiye su a DECIMAL(12,2), nau'in lamba mai ajiye adadi daidai har zuwa kwabo. Nau'in FLOAT kuwa kintace yake yi, sai kwabbai su riƙa zillewa, lissafin ƙarshen wata ya ƙi daidaita.

Mai amfani da PostgreSQL ya sani cewa haɗi 100 yake karɓa a lokaci guda a saitinsa na asali. In jama'a sun yi yawa, a sa PgBouncer a gaba, manhajar da ke sa jama'a da yawa su yi karɓa-karɓa da haɗi kaɗan.

A riƙa ɗaukar kwafi kowane dare da pg_dump (na PostgreSQL) ko mysqldump (na MySQL), a ajiye a wata na'ura daban, sannan duk wata a loda shi a rumbun gwaji a ƙirga layukan a ga sun cika.

Wassalam.

Wasu masu rubuta manhaja, Kano