A fara da ciyarwa ta jijiya kafin maganar dashen hanji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku don in ja hankalin iyaye da hukumomin lafiya kan yaran da hanjinsu ya kasa tsotse abinci. Galibi jarirai ne: wanda aka haifa hanjinsa a waje ta gefen cibiya, ko bakwainin da hanjinsa ya ruɓe, ko wanda hanjinsa ya murɗe aka yanke mafi yawansa.

A Ingila, asibitin yara na Birmingham ya fara dashen hanji tun 1993, amma sai an tantance yaro sosai. Ana ciyar da shi ta wata siririyar roba da ake sawa a babbar jijiyar jini, likitoci na lura ko hanta ta soma lalacewa har idanu sun yi rawaya, ko jijiyoyin wuya da ƙirji da ake sa robar sun toshe, ko ƙwayoyin cuta na yawan shiga jini. Sukan auna ragowar hanjin, su duba ko iyaye za su iya ɗawainiyar, domin bayan dashe yaro zai sha maganin hana jiki ƙin sabon hanji, irin su tacrolimus, tsawon rayuwarsa. Da yawa ma ba sa buƙatar dashen, domin hanjin jariri yana girma.

Abin da ke ci mini rai shi ne jariranmu kan rasu kafin a kai nan. Ina kira ga gwamnati ta wadata asibitocin koyarwa da abincin jijiya, da ma'aikatan jinya masu horo kan tsaftar robar.

Naku,
Wata ma'aikaciyar jinya, Zariya