Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Gwajin Jini A Sashen Gaggawa Na Asibitin Garinmu

Daga dattawan unguwanni, ungozomomi, iyaye mata da matasan garin nan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya ƙara wa Mai Martaba Sarki lafiya, ya ja zamaninka, mun kawo kukanmu ne a kan sashen gaggawa na babban asibitin garinmu, musamman batun gwajin jini idan dare ya yi.

Akwai ciwon da likitoci ke kira sefsis, mu kuma mukan ce ciwo ya shiga jini. Yakan faro daga abin da ba a ɗauka a bakin komai ba: gyambon ƙafar mai ciwon suga, cibiyar jaririn da ta yi ruwa, namoniya, ciwon mafitsara, ko zazzaɓin da ke rufe mai jego. Garkuwar jiki ta tashi faɗa da ƙwayar cutar, sai ta wuce gona da iri, ta koma tana yi wa ƙoda da huhu da hanta ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2017 mutum miliyan 48.9 ne suka kamu, miliyan 11 suka rasu, wato kusan ɗaya cikin kowane mamaci biyar a duniya. Kusan rabin waɗanda suka kamu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Ga yadda abin ke kasancewa a wurinmu. A kawo mai jego a adaidaita-sahu bayan isha'i, jiki zafi rau, numfashi sama-sama, tana sambatu. Malamar jinya ta duba ta rubuta gwaji a 'yar takarda. Miji ya ruga lab ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ko a ce babu wuta, ko kayan aiki sun ƙare. Sai ya hau babur da kwalbar jinin a aljihun riga, ya shiga gari neman lab ɗin kuɗi. Kafin ya dawo an kira assalatu. Ba ma'aikata muke zargi ba. Da idonmu mun ga nas ta riƙe fitilar waya da baki tana laluben jijiyar yaro.

Ma'aikatan lafiya 'ya'yan garin nan sun zaunar da mu sun fahimtar da mu abin da ake buƙata, kuma ba wani abin azo-a-gani ba ne. Na farko gwajin laktet. Wani sinadari ne da ke taruwa a jini idan gaɓoɓi ba sa samun isasshen jini da iska. Akwai na'urarsa ta hannu irin ta gwajin suga, batir take ci, ɗigon jini ɗaya take buƙata, cikin kamar minti ɗaya ta ba da amsa. Idan adadin laktet ɗin ya haura 2 likita ya sa ido sosai. Idan ya kai 4 rai na cikin haɗari, ko da ƙarfin bugun jinin mutum bai faɗi ba tukuna, ko da yana zaune yana amsa sannu. Nan amfaninsa yake, domin irin wannan majiyyacin ne ake bari a benci a ce ya jira layi.

Sai gwajin CRP da na furokalsitonin, masu taimaka wa likita ya gane ko bakteriya ce ke aiki. Furokalsitonin kan tashi cikin sa'o'i kaɗan, amma da tsada. CRP ya fi araha, sai dai yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya kai ƙololuwa. In za a zaɓa, a fara da mai arahar tare da ƙidayar ƙwayoyin jini. Gwajin kalcha kuwa, wanda ke faɗin ainihin ƙwayar da maganin da zai kashe ta, yakan ci kwana ɗaya zuwa uku, amma jininsa tun kafin allurar farko ake son a ɗiba.

Sun kuma ja kunnenmu, kuma ba za mu ɓoye maka ba: maleriya mai tsanani ita ma tana ɗaga waɗannan alkaluman duka. Saboda haka gwajin ba ya maye gurbin idon likita, kuma dole a haɗa shi da na maleriya. Haka nan samun maleriya a jini ba ya nufin babu wani ciwon a ƙarƙashinta, abin da mu masu ɗora kowane zazzaɓi a kan sauro ko taifot muke yawan mantawa. Kuma ƙa'idar likitoci ita ce wanda jikinsa ya riga ya fara saki a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya, ba a zauna jiran takarda ba.

Ranka ya daɗe, mun san asibitin yana ƙarƙashin Hukumar Kula da Asibitoci ta jiha ne, ba fada ba. Amma mun ga abin da bakin sarakuna ya yi a yaƙin shan-inna, har aka wanke Najeriya a watan Agustan 2020. Muna roƙon ka kai wannan kuka gaban Mai Martaba da shugaban ƙaramar hukuma, a ajiye na'urar laktet da tsinkayen gwajinta a cikin sashen gaggawa, a sa ma'aikacin lab mai kwana, a kuma haɗa wa lab ɗin sola.

Roƙon da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne na kuɗi. A yi wa na gaggawa gwaji tukuna, lissafi ya biyo baya. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana a juya wa mai buƙatar agajin gaggawa baya, kuma dokar ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun lafiya na matakin farko domin irin wannan jinyar. Muna so a bincika mana inda rabon asibitinmu yake tsayawa.

A namu ɓangaren, a shirye muke mu yi karo-karon kuɗin tsinkayen gwaji na watannin farko. Muna kuma roƙon ka umarci masu unguwanni da limaman Juma'a su yi shela cewa mai zazzaɓin da ya fara ruɗewa, ko numfashinsa ya yi sauri, ko fitsarinsa ya ɗauke, ko jaririn da ya ƙi kama nono, asibiti za a nufa da shi a daren, ba kemis ba.

Allah ya ba ka nasara, ya tsare mana kai.

Naka masu biyayya,
Wakilan al'ummar unguwannin garin nan.