Amsa ga Alhajin da ya ƙalubalance ni a rediyo kan sassaben zamani

Assalamu alaikum, Alhaji.

A shirin manoma ka kira sunana, ka tambaye ni ko na taɓa ganin itace ya sa kuɗi a aljihun talaka, sannan ka ƙara da cewa masu kiran a bar itatuwa a gona kuɗin Turawa suke ci. Wannan ta biyun ce ta fi yi mini ciwo, domin shekara 30 na yi ina yawon ƙauyukan Maradi a kan babur, kuma babu manomin da zai ce na karɓi ko dala da sunansa.

Gaskiya ne Bature, Tony Rinaudo, ya farfaɗo da sassaben zamani, wato barin kututturen itatuwa su toho a gona a rene su, a nan tun 1983, amma kututturen da ake renon tohonsa na gonar kakanninmu ne. Manomi ya gani wajen maƙwabcinsa ya kwaikwaya, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar.

Batun kuɗi kuwa, ka je ka tsaya gindin gawo. Yana zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma su shiga kasuwa da rani lokacin da harawa ta yi tsada. A gonar da babu itace iska kan binne shuka da yashi, sai an sake shuka sau biyu ko uku, kuma iri ba kyauta ba ne. Matan Mirya, a jihar Damagaram, sun daɗe suna samun kuɗi da ganyen kuka. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, mai itace kan sayar da rassan da ya sassabe ya auno hatsi, maimakon ya rabu da akuyarsa. Tsuntsayen da ka ce itatuwa na jawowa gona suna ɓarna, na yarda, amma ba ta kai ta iska ba.

Jama'a sun san sana'arka sayar da takin zamani ce, ya kamata ka faɗi haka kafin ka taɓa mutuncin wani.

Abin da ya cancanci muryarka shi ne mallaka. Shekaru da yawa doka ta mayar da itace na gwamnati, ana cin manomi tara a kan abin da ya rena. Dokar 2020 ta ba shi haƙƙin itacensa, amma ƙauyuka da yawa ba su ji labarinta ba, kuma har gobe masu sara da dare suna kwashe wahalar mutane zuwa birni a kan amalanke.

Wassalam.