Rahoton ayyukan ƙungiya na bana, reshen Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan jinya, yayyenmu da ƙannenmu. Wanda bai samu zuwa istiraha, wurin da muka yi taro, ba ga abin da aka karanta.

Buɗa baki na azumi an yi lafiya, mun je gaisuwa gidajen da aka yi rasuwa, Allah ya jiƙansu. Kuɗin wata wata kam har yanzu wasu sai an bi su, ma'aji ya gaji wallahi.

Abin da ya fi cin mana lokaci bana shine maganar masu son wucewa Ostareliya, kusan duk zaman da muka yi sai ta taso, kuma mun lura mutane na haɗa abu biyu. Rijista da AHPRA, hukumar rijistar ma'aikatan lafiya ta Ostareliya, ita ce lasisin aiki, kamar dai SCFHS ɗinmu na nan Saudiyya, shi kuwa tantance ƙwarewa da hukumar ANMAC ke yi wa ma'aikatan jinya na neman biza ne, kowanne da kuɗinsa da takardunsa, tantance takardu na Dataflow da jarrabawar Prometric da ka yi kafin ka shigo Saudiyya ba sa tsaya maka a can. Masu kula da tsofaffi tun 2023 suna da tasu hanyar amma sai wani gidan tsofaffi ya ɗauke ka tukuna. Ingila kuwa ta rufe ɗaukar masu wannan aikin daga waje tun 22 ga Yuli 2025, duk ejan da ya ce kawo riyal zai samo miki, Hajiya riƙe kuɗinki.

Inda aka fi shan wuya wasiƙar shaidar aiki ce. Wata 'yar uwarmu ta kawo shahadar khibra, wato shaidar aiki, mai layi biyu, suna da ranar farawa da ranar gamawa sai hatimi, alhali can Ostareliya suna son awa nawa kike yi a sati, wane sashe, me kike yi da hannunki. Lokacin ta riga ta ajiye aiki, shugabar sashensu kuma ta koma Filifin, haka ta yi ta binta a WhatsApp wata da watanni. Don Allah ku karɓi cikakkiyar wasiƙa da takardar kyakkyawan hali ta Mumaris, shafin SCFHS, tun igama (takardar zama) na da rai, kafin a buga muku khuruj, wato bizar fita.

Ajin OET, jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya, zai ci gaba Juma'a bayan la'asar, rubutu ne ke kayar da mu don haka kowa ya zo da biro da takarda. Masu shif ɗin dare ku faɗa wa sakatare a duba muku wata rana.