A nuna wa masu aikin hannu zanen kwamfuta kafin a zuba dekin

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya mu masu aikin gini a Kaduna, musamman a manyan gine-gine irin filaza da otal da ake ta ɗagawa daga Kawo har Barnawa.

Kowa ya san yadda ake yi. Akitek ya yi zanensa, injiniya ya yi nasa, na wuta daban na ruwa daban, kowa da takardarsa kuma ba mai ɗora wannan kan wancan ya duba. Sai an zuba dekin kankare ya bushe sannan filamba ya zo ya tarar fayif ɗin bayi mai inci huɗu ta tsakiyar bim (gadar kankaren da ke ɗauke da dekin) zai bi, mai AC ya ce ai nan ce hanyarsa, mu masu wayarin kuma a ce an manta ba a binne mana kwandut (bututun da waya ke bi ciki) ba. Sai a kira lebura a miƙa masa guduma ya hau fasa. Wallahi wannan ne ya fi tayar min da hankali, don in aka huda bim har aka yanke rodi to ƙarfin da injiniya ya lissafa ya ragu kenan, a shafe da siminti a yi fenti ba wanda ya sani, kuma bayin Allah ne za su zauna ƙarƙashinsa suna neman abinci. Ga asarar siminti a wannan tsada, ga rigimar wa zai biya.

Alhali akwai maganin abin, shi ne tsarin haɗaɗɗen zanen gini a kwamfuta da ake kira BIM. Ana gina ginin gaba ɗaya a cikin kwamfuta tukuna, da manhaja irin Revit ko ArchiCAD, kowane pila da bim da fayif da hanyar waya da girmansa da tsayinsa, sai a haɗa aikin kowa wuri guda a sa wata manhajar kamar Navisworks ta zaƙulo duk inda abu biyu suka ci karo. A nan ake sasantawa tun ba a sayi bulo ko ɗaya ba. Kuma sasantawar tana da ƙa'ida, fayif ɗin ƙazanta dole sai da gangare don ba famfo ke tura shi ba, shi ake fara ba hanya, waya kuwa tana lanƙwasa ta kauce. In an san inda fayif zai ratsa sai injiniya ya yarda a bar masa rami tun kafinta na kafa katako. Gwamnatin Birtaniya tun 2016 ta wajabta wannan tsari a ayyukanta, a 2018 kuma aka fitar da ƙa'idar duniya ta ISO 19650 a kansa.

Amma ni kukana ba a kan manhaja yake ba. Ko inda aka yi zanen, a laftof ɗin ofis yake ƙarewa, a nuna wa Alhaji mai gini hoto mai kyau ya ji daɗi, mu da za mu riƙe fayif da waya ba wanda ya kira mu. To amfanin me? Yawancinmu muna da babbar waya kuma akwai manhajojin duba zanen kyauta, foman zai iya tara filamba da mai wuta da kafinta da mai ɗaurin rodi duk mako a juya ginin a gabansu a yi bayani da Hausa, mai shekara ashirin yana aiki zai hango abin da yaron ofis bai gani ba. Sannan in mai gini ya ce a matsar da bayi ko a ƙara shago, kamar yadda suka saba, a koma a gyara a kwamfutar ranar, in ba haka ba zanen ya zama ƙarya.

Na san za a ce lasisin manhajar da dala ake biya, ga matsalar wuta. Gaskiya ne, kuma ban ce mai gina ɗaki uku a Rigasa ya yi ba. Amma mai zuba ɗaruruwan miliyoyi a bene hawa huɗu ba wannan ne zai gagare shi ba.

Ina kira ga KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, ta duba yiwuwar neman haɗaɗɗen zane kafin ta ba manyan gine-ginen kasuwanci izini. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna, wato Kadpoly, da ABU Zariya kuma su buɗe gajeren kwas na yamma ko na ƙarshen mako ga masu sana'a, har da yaran kasuwar ƙere-ƙere ta Panteka, mu dai a koya mana buɗe zanen da karanta shi, mu za mu biya kuɗin kwas ɗin.

Naka,
Mai aikin wayarin,
Tudun Wada, Kaduna.