Zuwa ga Sabo, daga Kano

Assalamu alaikum Malam Sabo,

Na san za ka ce sai da magana ta cika mini ciki na tuna da kai. Faɗi abinka, amma wa ya yi wata shida a Kumasi ko barka da Sallah bai aiko ba? Ya Hajiya da yara? Akwai abubuwan da nake son gaya maka, amma bari in fara da wanda ya hana ni barci.

Albishirinka! Jiya ɗana Umar mai sikila ya cika shekara guda cur bai kwanta asibiti ba, ba a ƙara masa jini ba. Kai da ka sha tayar da babur da tsakar dare ina rungume da shi yana kukan ƙashi, ka san abin da wannan yake nufi a gidana. Bara aka ɗora masa wata na'ura a gefen kai, aka auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa. Likita ta ce gudun ya yi yawa, alamar shanyewar ɓarin jiki na iya samunsa. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Sai ta ɗora shi kan hydroxyurea, kullum sau ɗaya.

Abin da ya faranta mini rai, a nan gida aka gwada maganin, a kan yaranmu masu sikila: Asibitin Malam Aminu Kano, da Murtala, da Barau Dikko a Kaduna. Yara 220 aka bi, sakamakon ya fito a 2022. Ko da ɗan kaɗan ake ba yaro, yana kare shi daga shanyewar jiki, waɗanda aka ƙara wa kuwa kwanciyarsu asibiti ta ragu. Likitar ta ce maganin yana farkar da irin jinin da jariri yake da shi tun yana ciki, wanda ba ya lanƙwashewa kamar lauje.

Na ga saƙon da ka turo ta WhatsApp, wai an samu maganin sikila gaba ɗaya. Kai dai ba ka karanta abu har ƙarshe, tun muna aji uku haka kake! Gaskiya ne, Casgevy sunansa, Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba. Ana ciro ƙwayoyin da ke haifar da jini, a gyara su, a mayar. Amma kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne, Sabo. Na yi murna har zuciyata da aka kai nan, sai dai ni damuwata uban da ba ya iya sayen ƙwayar hydroxyurea ta wata guda, ga ta kuma a kemis ɗin unguwarsu.

Kawu Isa an fara masa wankin ƙoda, sau biyu a mako, har gonar Bichi ta tafi. Hawan jini ne ya yi ta ci a ɓoye. Wani bincike da aka yi kan mutane sama da 8,000 a Najeriya da nan Gana taku, ya fito a 2024, ya nuna da yawanmu mun gaji wata ƙwayar halitta, APOL1, wadda ta kare kakanninmu daga ciwon barcin ƙudan tsando, amma tana ƙara haɗarin ciwon ƙoda. Don Allah ka je a auna jininka da fitsarinka, ka kuma rage jiƙe-jiƙen nan da maganin ciwon jiki da kake afawa kamar gyaɗa.

Af, Ɗanlami zai ƙara aure bayan Sallah, kuma wallahi wadda kake zato ce. Na ce masa babu ɗaurin aure sai na ga takardar gwajin jini da idona, ya yi ta dariya, ni kuwa ban yi ba.

Umar ya ce in tuna maka ƙwallon da ka yi masa alkawari, yanzu yana iya bugawa.

Naka,
Bashir