Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugabar National Trust kan majami'ar Loughwood

Zuwa ga Uwargida Hilary McGrady,
Babbar Darakta, National Trust, Ingila.

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Na ɗauki alƙalami ne saboda wani ɗan gini guda daga cikin ɗaruruwan gine-ginen tarihi da ƙungiyarku ta National Trust ke kula da su, wato Loughwood, majami'ar 'yan Baptis da ke kusa da ƙauyen Dalwood a gundumar Devon. Ƙungiyarku ta karɓe ta a 1969, ta gyara ta, ta kuma bar ƙofarta a buɗe ga duk mai zuwa. Godiya ta wajaba tun kafin roƙo, domin da yawa daga ire-irenta a ƙauyukan Ingila sun zama gidajen kwana, an ɗebe kujeru, an rataya labule a tagar da a da take haska mai wa'azi.

Ranar da na je, na wuce ta ban ankara ba, sai da na juyo. Ba hasumiya, ba ƙararrawa, ba gilashi mai launi. Bangon dutse ne da jinkar ciyawa, an tona gefen tudu an cusa ginin a ciki, kai ka ce ɗakin ajiyar wani manomi ne. Daga baya na gane cewa wucewar nan da na yi ita ce ainihin abin da maginan suka nufa.

Rubutaccen ambaton wurin ya fara ne a 1653, lokacin da masu bi na ƙauyen Kilmington da ke kusa suke taruwa a nan, cikin kurmin da ya rufe tudun a wancan zamani. Wuya ta ƙaru bayan Sarki Charles na Biyu ya dawo karaga a 1660. A 1662 aka kori malaman coci kusan 2,000 da suka ƙi bin littafin addu'ar Cocin Ingila. A 1664 doka ta hana mutum fiye da biyar, ban da mutanen gida, su taru don sujada a wajen tsarin cocin gwamnati. Shekara ta zagayo aka ƙara wata, wadda ta hana korarrun malamai kusantar garuruwan da suka yi aiki da tazarar mil biyar. A wannan zamanin ne mai wa'azi John Bunyan ya yi shekara 12 a kurkukun Bedford saboda wa'azi. Dalwood kuwa a lokacin wani yanki ne na gundumar Dorset da Devon ta kewaye shi, har zuwa 1844. Ana cewa wannan ma yana cikin dalilan zaɓen wurin: in 'yan dokar wata gunduma suka ɓullo, mai wa'azi ya tsallaka iyaka, hannunsu ba ya kai gare shi. Sai a 1689 aka sassauta, kuma ko a nan da sharaɗi: a yi wa ɗakin rajista, kada a kulle ƙofa yayin taro.

Ciki ya fi waje magana. Da shigata idona ya faɗa kan mumbari, ɗaukakke, a tsakiyar bangon gaba, inda a manyan coci-coci bagadi ke tsayawa. Wannan kaɗai ya isa ya gaya wa baƙo cewa mutanen nan sauraron wa'azi ne ya tara su. Kujerun na katako ne, irin na ƙarni na 18, kowanne kamar ɗan akwati da ƙofarsa, don tare iskar sanyi. Na buɗe ɗaya na zauna. Bayan kujerar a miƙe yake sak, ba ya lallashin kowa, kuma cikin minti goma na fara jin ƙuguna. Waɗancan kuwa yini suke yi.

Yinin nan shi ne ya fi tsaya mini a rai. Mutane daga nesa suke zuwa, wasu a ƙasa, wasu bisa doki, shi ya sa aka yi barga a waje. A bayan ɗakin akwai ƙananan ɗakuna biyu, kowanne da murhunsa, inda ake hutawa a ɗumama abinci tsakanin sujadar safe da ta yamma. Na durƙusa na leƙa ɗaya daga cikin murhunan, ƙarami ne, tukunya guda ta ishe shi. A sama akwai ɗan bene na katako inda makaɗa suke zama. Ƙarƙashin daɓen katakon da ke gaban mumbari kuma an ɓoye kwamin baftisma, domin 'yan Baptis ba sa yayyafa wa jariri ruwa, baligi suke nutsarwa gaba ɗaya bayan ya furta bangaskiyarsa da bakinsa. Mutum zai iya tsayawa a kai bai san da rami a ƙasansa ba. A majami'ar 'yan Baptis ta Monksthorpe a gundumar Lincolnshire, wadda aka gina a 1701, ita ma tana hannunku, kwamin a fili yake waje, ginin kuma an yi shi da siffar ɗakin gona.

To, ga roƙona, Ranki ya daɗe. Jinkar ciyawa tana da kyau a hoto, kuma nan haɗarin yake. Ginin da aka yi don kada a gan shi yana iya komawa abin ɗaukar hoto kawai, a tsaya minti biyar a wuce. Ina roƙon duk bayanin da za a rubuta wa baƙi, a allo ne ko a intanet, ya ambaci dokokin nan da shekarunsu, ya faɗi ƙarara cewa gwamnati da cocinta ne suka kora mutanen nan cikin kurmi. In aka ce "sun nemi wuri mai natsuwa", an yi musu ƙwauron gaskiya. Kuma idan lokacin gyara ya zo, a gyara abin da ya lalace a tsaya nan. Kada wani ya ga kujerun sun yi tauri ya ce a sa musu katifa, ko ya ga bango fari fat ya ce yana bukatar ado.

Na biyu, har yanzu 'yan Baptis na Kilmington suna dawowa su yi sujada a nan sau biyu a shekara. Ni ba ɗan ɗarikarsu ba ne, amma ina ganin wannan ya fi kowane allon bayani daraja. Duk ranar da lissafin kuɗi ko dokar kiyaye gini ta zo ta ci karo da waɗannan ranaku biyu, ina roƙon ki sa baki a bar musu. Jikokin masu ginin ne ta wajen bangaskiya, kuma iyayensu suna kwance a 'yar makabartar da ke gefen ɗakin.

Na fita da yamma, na ja ƙofar a hankali, na bar ta ba a kulle ba kamar yadda na same ta.

Na gode da sauraro. Allah ya taya ki riƙo.

Naki,
Wani baƙo da ya yi yini guda a Loughwood.